Otto Lilienthal: Injiniyan da ya tashi sama da fukafukan tsumagiya da yadin auduga

A unguwar Lichterfelde da ke kudancin Berlin, babban birnin Jamus, akwai wani tudu mai tsayin mita 15 a tsakiyar wani lambun shaƙatawa. Baƙo zai ɗauka tun asali haka yake, amma hannun mutum ne ya tara shi. A shekarar 1894 wani injiniya ya biya kuɗi daga aljihunsa aka jibge ƙasar da wani gidan bulo ya zubar, har ta zama tudu mai siffar malfa, don kawai ya samu wurin da zai riƙa dirowa.

Sunansa Otto Lilienthal. Mutanen Berlin kan taru a gindin tudun su kalli magidanci mai gemu, mai 'ya'ya huɗu da masana'antarsa ta kansa, ya rungumi wasu fukafukai na tsumagiya da yadi, ya fuskanci iska ya sheƙa da gudu, har ƙafafunsa su bar ƙasa.

Tsakanin 1891 da 1896 ya yi irin wannan tashi fiye da sau 2,000. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar, da hotuna da shaidu, yana tashi a kai a kai da jirgin da ya fi iska nauyi. Jirgin ba shi da inji, ba ya shan mai, nauyinsa kimanin kilo 20 ne. A cikin irinsa kuma ya gamu da ajalinsa yana da shekara 48.

Yaran da ke bin shamuwa

An haifi Otto ranar 23 ga Mayun 1848 a garin Anklam da ke arewa maso gabashin Jamus, a masarautar Prussia ta wancan lokaci. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. 'Ya'ya takwas aka haifa a gidan, biyar suka rasu tun suna ƙanana, aka bar Otto da ƙanensa Gustav da ƙanwarsu Marie. A 1861 mahaifin ya rasu bayan kasuwarsa ta karye, ɗawainiyar yaran ta koma hannun mahaifiyarsu Caroline.

Fadamun da ke kewaye da Anklam matattarar shamuwar Turai ce, wato farar nan mai jan baki da jajayen ƙafafu, 'yar'uwar shamuwar da ke zo mana da shigowar damina. Otto da Gustav kan ɓata lokaci suna laɓaɓawa kusa da ita. A nan suka lura da wani abu da ya zauna a ran Otto har ƙarshen rayuwarsa: idan shamuwa za ta tashi, sai ta fuskanci iska ta yi 'yan tsalle-tsalle, ko da kuwa hakan na nufin ta nufo wanda ya koro ta. Ashe tashi ya fi sauƙi idan ana fuskantar iska.

Otto yana da kimanin shekara 14 suka ƙera fukafukansu na farko da siraran katako, waɗanda ake ɗaurawa a hannu. Da dare suke fita gwaji don kada yaran gari su yi musu dariya. Ba su tashi ko taƙi ɗaya ba.

Injiniya kafin matuƙi

Otto ya yi makarantar koyon sana'a a Potsdam, ya yi aikin koyo a kamfanin injuna na Schwartzkopff a Berlin, sannan ya shiga kwalejin fasaha ta birnin daga 1867 zuwa 1870. A lokacin hutu shi da Gustav suka ƙera wata na'ura mai fukafukai da ake kaɗawa da ƙarfin ƙafa. Da suka auna, iyakar nauyin da ta iya ɗagawa kilo 40 ne, wanda bai kai nauyin baligi ba. Gwajin ya gaza, amma ya bar musu adadin da za su yi lissafi da shi.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamus da Faransa a 1870, Otto ya shiga soja. Yana cikin dakarun da suka yi wa birnin Paris ƙawanya, inda mutanen birnin suka riƙa fitar da wasiƙu da mutane a cikin balan-balan. A wancan zamani balan-balan ita ce kaɗai hanyar da ɗan'adam ke hawa sama, kuma inda iska ta ga dama nan take kai ta. Masana da yawa sun ɗauki batun fukafukai a matsayin aikin masu taɓin hankali. A 1873 fitaccen masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz ya nuna cewa da wuya ƙarfin jikin mutum ya ɗaga shi sama komai kyan na'urar da ya ƙera, mutane kuma suka ɗauki maganar tamkar an rufe babin tashi ke nan.

Bayan yaƙi Otto ya kama aikin injiniya, ya ƙirƙiro na'urar yankan ma'adinai a cikin rami, kuma a 1878 ya auri Agnes Fischer. Shi da Gustav, wanda ya karanta zanen gine-gine, sun ƙirƙiro ƙananan tubalan wasan yara da aka haɗa da yashi da alli da man wani iri. Rashin jari ya sa suka sayar da fasahar ga ɗan kasuwa Friedrich Adolf Richter a 1880, shi kuwa ya yi arziki da ita a ƙarƙashin sunan Anker.

Abin da ya tsayar da Otto da ƙafafunsa shi ne wata ƙaramar tukunyar injin tururi mai murɗaɗɗen bututu, wadda ba ta da haɗarin fashewa irin na manyan tukwane. Da ita ya kafa masana'antarsa a Berlin. A 1890 ya fara raba wa ma'aikatansa kashi 25 cikin 100 na ribar kamfanin, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Daga wannan masana'anta kuɗin gwaje-gwajensa suka riƙa fitowa. Babu gwamnatin da ta ɗauki nauyinsa.

Sirrin da ke cikin doron fiffike

Kafin ya ɗora jikinsa a kan fiffike, Otto ya shafe kimanin shekara 20 yana awo. Shi da ƙanensa sun haɗa wata na'ura mai dogon hannu da ke juyawa, suna ɗaura faranti iri-iri a bakinta suna auna ƙarfin da iska ke yi a kansu. Daga baya suka maimaita awon a fili, cikin iskar Allah.

Sakamakon shi ne, fiffike mai ɗan doro kamar bayan cokali ya fi shimfiɗaɗɗen fiffike ɗaga nauyi nesa ba kusa ba, alhali turjiyar da iska ke yi masa ba ta ƙaru sosai ba. Wasu kafinsa, irin su George Cayley na Ingila, sun hango haka. Abin da Otto ya ƙara shi ne jerin alƙaluma da kowa zai iya ɗauka ya yi lissafi da su. Ya kuma fito da wani zane da ke nuna ƙarfin ɗagawa da turjiyar iska a kan takarda ɗaya, gwargwadon yadda aka karkata fiffiken. Har gobe injiniyoyin jiragen sama na amfani da irin wannan zane, kuma da sunansa ake kiran sa.

A 1889 ya wallafa littafinsa da Jamusanci, wanda ma'anar sunansa ita ce tashin tsuntsu a matsayin tushen fasahar tashi sama. Littafin bai yi kasuwa ba a farko. Ra'ayin da ke cikinsa da cikin rubuce-rubucensa na baya a fili yake: kafin a yi maganar inji, dole mutum ya fara koyon zama a cikin iska da jikinsa, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ɗan tsuntsu ke koya.

Daga bayan gida zuwa kan tudu

A farkon 1891 ya kafa wani katakon tsalle mai tsayin mita ɗaya a lambun gidansa, yana dirowa da fukafukai a hannu. Da jikinsa ya saba sai ya ƙara masa tsayi. A bazarar shekarar ya koma wani tudu kusa da ƙauyen Derwitz, yamma da Potsdam, inda ya yi tashin da ya kai kimanin mita 25. Masana tarihi da yawa na ɗaukar 1891 a matsayin shekarar da ɗan'adam ya fara tashi da fiffike.

Kayan aikinsa ba su da tsada. Ƙashin jirgin na tsumagiyar wilo ne, wani itace mai lanƙwasuwa da Turawa ke saƙa kwanduna da shi. A kai ake ɗame yadin auduga irin na riga, a ɗaure da wayoyi. A baya akwai jela mai tsaye da mai kwance, don jirgin ya riƙa fuskantar iska.

Babu kujera, babu sitiyari. Matuƙi na zura hannuwansa cikin wani firam a tsakiya, ya riƙe sanda, ƙirjinsa da kansa suna sama da fukafukan, ƙafafunsa na reto a ƙasa. Idan hancin jirgin ya ɗaga, sai ya wurga ƙafafu gaba. Idan fiffiken hagu ya ɗaga, sai ya karkata nauyinsa hagu don ya danne shi. Ƙafafun nan kuma su ne tayoyin tashi da sauka.

A 1893 ya gano tuddan Rhinow a arewa maso yammacin Berlin, inda ya yi tashin da ya kai mita 250. Babu wanda ya wuce wannan nisa har ya bar duniya. Idan iska ta bugi gefen tudu takan hau sama, kuma a ranakun da take da ƙarfi Otto kan tsaya cak a sararin sama na ɗan lokaci, wani sa'in ma ya ɗaga sama da inda ya taso. Wannan shi ne mafarin abin da matuƙan jirage marasa inji ke yi a yau, wato neman iskar da ke hawa sama su hau ta, kamar yadda ungulu da shirwa ke kewaya da tsakar rana ba tare da kaɗa fiffike ba.

Tudun Lichterfelde kuwa ya gina shi ne saboda Rhinow na da nisa da gida. Siffar malfar ta ba shi damar dirowa ta kowane ɓangare iska ta fito, kuma a ƙoƙuwar tudun akwai ɗakin ajiye jirage.

Jirgin mak 500

A 1894 ya kammala samfurin da ya fi shahara, wanda ya kira daidaitaccen jirgin shawagi. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 6.7 ne, shimfiɗar yadinsa kimanin murabba'in mita 13. Ana naɗe fukafukan kamar na jemage, mutum ɗaya ya ɗauka ya shiga jirgin ƙasa da shi.

Masana'antarsa ta riƙa ƙera shi tana sayarwa a kan mak 500, kuɗin Jamus na lokacin. Wannan ya sa ake lissafa shi a matsayin jirgin sama na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. An san mutum tara da suka saya. A cikinsu akwai masanin Rasha Nikolai Zhukovsky, da masanin kimiyya George FitzGerald na Dublin, da mai gidan jaridun Amurka William Randolph Hearst, wanda nasa jirgin yana gidan tarihin jiragen sama da ke Washington a yau.

Otto bai ɓoye iliminsa ba. Ya riƙa rubuta maƙaloli yana bayyana yadda ake ƙerawa da yadda ake koyo, yana fatan matasa za su ɗauki abin a matsayin wasa kamar tseren keke, ta yadda gasa za ta kawo gyara. Ya kuma gayyaci masu ɗaukar hoto, ciki har da Ottomar Anschütz, wanda ya yi suna da hotunan shamuwa tana tashi. Hotunan mutum a sararin sama sun bazu a jaridu da mujallun Turai da Amurka, suka sauya tunanin jama'a fiye da yadda littafinsa ya yi. Masu bincike irin su Samuel Langley na Amurka da Percy Pilcher na Birtaniya sun yi tattaki har Berlin don su gani da idonsu.

Ya san inda matsalarsa take. Nauyin mutum na iya sarrafa ƙaramin fiffike ne kawai. Idan fiffike ya yi faɗi, iska za ta fi ƙarfin matuƙi. Don haka a 1895 ya ƙera jirage masu hawa biyu, fiffike a kan fiffike, domin ya samu yadi mai yawa ba tare da ƙara faɗi ba. Ya kuma gwada na'urorin sarrafawa iri-iri, da wani ƙaramin inji mai aiki da iskar gas da zai riƙa kaɗa bakin fukafukai. Bai kai ga kammala ko ɗaya ba.

Ranar 9 ga Agusta

Ranar Lahadi 9 ga Agustan 1896 ya tafi tudun Gollenberg kusa da ƙauyen Stölln, tare da makanikensa Paul Beylich. Rana ce mai haske. Da daidaitaccen jirginsa ya tashi, wanda ya fi sani fiye da kowanne.

A tashi na huɗu, jirgin ya tsaya cak a sama. Otto ya yi ta wurga ƙafafu don ya dawo da shi hanya, amma sai hancin ya kifa, ya faɗo daga tsayin kimanin mita 15. Ya taɓa ƙirƙiro wata baka ta tsumagiya da ake ɗaurawa a gaban jirgi don ta sha bugun ƙasa, kuma ta taɓa cetonsa a wani haɗari a baya. A wannan rana babu ita a jikin jirgin.

An ɗauke shi a keken doki zuwa Stölln. Ƙashin wuyansa ya karye, rabin jikinsa na ƙasa ya daina motsi. Daga nan aka kai shi Berlin a jirgin ƙasa, zuwa asibitin fitaccen likitan tiyata Ernst von Bergmann, inda ya cika ranar 10 ga Agusta. An binne shi a maƙabartar Lankwitz. Idan aka haɗa dukkan tashin da ya yi a shekara biyar, lokacin da ya shafe a sama kimanin awa biyar ne.

Me ya kayar da shi?

A 2016 cibiyar binciken jiragen sama da sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta sa aka ƙera kwafin daidaitaccen jirgin bisa zanen asali, aka gwada shi a babban zauren gwajin iska da ke ƙasar Holan. Binciken ya nuna jirgin na da daidaito, kuma a duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita huɗu a gaba. Jiragen shawagi na zamani na cin mita 40 zuwa sama.

Gwajin ya kuma nuna iyakarsa. Idan hancin jirgin ya ɗaga fiye da kima, iska kan daina bin doron fiffike, ƙarfin ɗagawa ya ɓace nan take, kuma nauyin ƙafafun mutum ba zai isa ya gyara ba. Masu binciken na ganin wata iska mai hawa sama, irin wadda zafin rana ke tayarwa, ita ce ta ɗaga masa hanci a ranar. Wato irin iskar da matuƙan yau ke nema ido rufe, ita ce jirginsa bai da kayan jurewa.

Shekara uku bayan haka, a 1899, Percy Pilcher shi ma ya mutu bayan jirginsa mara inji ya karye a sama a Ingila.

Gadon da ya bari

Labarin mutuwar Otto ya isa garin Dayton na Amurka, inda wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka karanta shi. Sun bi hanyarsa ta fara koyo da jirgi mara inji, suka yi lissafin jiragensu na 1900 da 1901 da alƙalumansa. Da suka ga ƙarfin ɗagawar bai kai yadda suka zata ba, sai suka haɗa akwatin gwajin iska nasu suka sake awo. Sun kuma kauce wa abin da ya kashe shi: maimakon wurga jiki, suka sa wa jirginsu hanyar murɗa fukafukai da jela mai motsi. Ranar 17 ga Disambar 1903 suka tashi da inji a kusa da Kitty Hawk. Da Orville ya je Berlin a 1909, ya ziyarci matar Otto.

Zuwan inji bai kashe jirgi mara inji ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta taƙaita wa Jamus harkar jirage masu inji, sai ɗalibai da masu sha'awa suka koma kan tudu. Daga 1920 aka fara gasa a tsaunin Wasserkuppe, kuma a 1922 aka samu wanda ya wuce awa ɗaya a sama ba inji. A 1931 Edmund Schneider ya fito da Grunau Baby, ƙaramin jirgi na katako da yadi, wanda aka ƙera dubbansa a ƙasashe daban-daban, da yawa a hannun ƙungiyoyin masu sha'awa da suka bi zanensa.

Ranar 23 ga Mayun 1971, wadda ta dace da ranar haihuwar Otto, wasu matasa suka taru a wani tudu a kudancin jihar Kalifoniya da jiragen da suka haɗa da gora da leda, suka sa wa taron sunansa. Ana ɗaukar taron a matsayin ɗaya daga cikin mafarin wasan rataya a jikin fiffike na zamani, wanda shi ma da nauyin jiki ake sarrafa shi. Tun 1982 dokar Amurka ta yarda mutum ɗaya ya tashi da jirgi mara inji da bai kai fam 155 ba, wato kimanin kilo 70, ba tare da lasisin tuƙi ba. A ƙarƙashin wannan doka mutane ke ƙera nasu a garejin gida. Masu hankali a cikinsu na bin tsarin da Otto ya bi: a auna, a gwada a ƙasa-ƙasa, a ƙara tsayi sannu a hankali. Suna kuma ƙarawa da abin da bai samu ba, wato sitiyari na gaske, da malamin koyarwa, da lemar ceto.

Gustav ya rayu har 1933, yana ta fama da wani ƙaton jirgi mai kaɗa fukafukai wanda bai taɓa tashi ba. Hukumar wasannin sama ta duniya na ba da lambar yabo mai sunan Lilienthal ga gwanayen shawagi tun 1938. Filin jirgin saman Tegel na Berlin ya ɗauki sunansa har aka rufe shi a 2020, kuma akwai gidan tarihinsa a Anklam.

A Stölln kuwa, a watan Oktoban 1989 wani matuƙi ya saukar da ƙaton jirgin fasinja ƙirar Ilyushin 62 a kan filin ciyawar da ke gindin tudun Gollenberg, aka bar shi a wurin don tunawa da Otto. An raɗa masa sunan Agnes, matar da ya bari da 'ya'ya huɗu. Har yanzu yana nan, kuma matuƙan jirage marasa inji na ci gaba da tashi daga wannan fili.